Sankarar da Ta Kai Ni Abijan

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa, ta ce yaya Abijan. Waccan ta shigo karɓar tsaraba, ta ce wai da gaske ne ruwan teku ba ya shayuwa. Akwai kuma masu zuwa su zauna suna murza bakin mayafi, don sun ji ƙishin-ƙishin cewa na yi abin kunya a bakin teku, a gaban maza, suna so su ji daga bakina amma sun kasa tambaya. To, bakina ya gaji da maimaici. Na kira Malama Hajara maƙwabciyata na ce ta ɗauko alƙalaminta, ni in faɗa ita ta rubuta, duk mai so a karanta masa. Ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan ce muku ga ta nan ba. Abin da idona ya gani ne, da abin da zuciyata ta gani alhali babu shi.

Kun san ina da ɗan fari, kun kuma san yadda muke da ɗan fari a nan Funtuwa. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta raine shi, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In an ɗauko zancensa a gabana, kau da kai nake yi. Ya girma, ya tafi Abijan neman abinci, ya yi aure a can, ya hayayyafa. Sallah-sallah saƙo yana zuwa, turmin atamfa da sabulu. Ban taɓa tambayar sana'arsa ba. Na dai ji ana cewa yana harka a bakin jirgin ruwa. A labarin nan yaron nan zan riƙa ce masa, ko da yake furfura ta fara fito masa. Inda sunan ya zama dole, Malama ta san shi, ita za ta sa da hannunta.

Wata rana da hantsi Ɗanjuma mai shago ya aiko wai ana kirana a wayarsa daga ƙasar waje. Na je na kara a kunne. Muryar mace ce, siririya, can nesa kamar daga cikin rijiya. Awa ce, matar yaron nan, wadda ban taɓa gani ba. A Abijan aka haife ta, ubanta mutumin Nijar, uwarta 'yar Jula, Hausarta tsinto-tsinto ce. Ita ma ba ta kiran sunan miji, balle a kunnen uwarsa.

"Mama," ta ce, "sankara ce. Ta kama shi. Tun daga daji ta kama shi, ba a gani ba. Yanzu ba ya ci, ba ya barci. Ki yi addu'a, Mama."

Sai wayar ta mutu. Ɗanjuma ya maida kira, wani ƙato ya ɗauka yana Faransanci. Ashe wayar haya ce ta bakin titi.

Ni na san sankara. Ni na yi jinyar ƙanwata Ladi. Ranar da ta nuna mini ɗan kumburin nan a ƙirjinta, fuskarta sumul take, tana dariya tana daka. Ciwon yana ciki yana cin ta, waje lafiya lau, har ranar da wajen ma ya sallama. Ni na wanke ta. Shi ya sa da na miƙa wa Ɗanjuma wayarsa ya ce, "Inna, lafiya?" na ce lafiya ƙalau, jikoki ne ke gaishe ni. Na taka zuwa gida ban san da wace ƙafa ba.

Wa zan gaya wa? In ce ɗana ba lafiya, in nuna damuwata a kan ɗan fari? Bakina bai iya wannan ba, ba a koya masa ba. Sai na je wurin ƙanena Malam Idi na ce ina so in ga jikokina na Abijan kafin ƙasa ta rufe ni. Na ce kuma ya yi mini rubutu irin na mai jinya. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, bai ce na wa ba. Ya yi rubutun ya wanke a kwalba. Shi ne ya haɗa ni da Hajiya Dije, mai fataucin atamfa, wadda hanyar Abijan ta zama mata kamar hanyar kasuwar unguwa. Na ƙulle kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na naɗe kwalbar a tsakiyar zannuwa, muka kama hanya.

Hajiya ta ce ba za mu bi ta arewa ba, ƙasar ba ta zaune daidai a lokacin, ta bakin teku za mu zaga. Muka shiga babbar mota zuwa Legas. Muka tafi, muka tafi, ƙasa ta bar ja ta koma baƙa, itatuwa suka rufe sama. Hajiya mace ce mai jiki da murya, tana da 'yar magana a kowane yare, kowane yaron mota ɗanta ne. Tun kafin mu kai Kaduna ta lura ba na cin komai.

"Inna, ke azumi kike ko kuwa kishiyar abinci ce ke?"

Na ce motar ce ke juya mini ciki. Ta ce to in ta juya ta gaji akwai soyayyar kaza a jaka.

Iyakar farko ta ba ni mamaki. Na zaci bango ne ko kogi. Ashe igiya ce da benci da mutum mai hula. Aka sauke mu aka baje kaya. Wani mai kaki ya kwance ƙullin daddawa, ya shinshina, ya yi baya yana toshe hanci, 'yan uwansa suna masa dariya. Sai hannunsa ya kai kan kwalbar. Ya ɗaga ta a rana, baƙin ruwa yana motsi a ciki. Ya yi magana, Hajiya ta ce wai yana tambaya mene ne, in ba a faɗa ba zai tsiyaye a ƙasa. Ayar Allah a ƙasa, kuma ita kaɗai ce abin da na ɗauko wa yaron nan. Na karɓe kwalbar daga hannunsa, ban san na yi ba, na buɗe na kurɓa a gabansa, na haɗiye, na dube shi. Ya jira ya ga ko zan faɗi. Da ban faɗi ba ya yi mini alama da hannu in tafi. Tun daga nan na daina sa ta cikin kaya. A ƙugu na ɗaure ta, kamar goyon gaba.

A Kwatano na ga mata tsofaffi kamata suna tuƙa babur da kansu, da kwando a baya. A hanyar Lome kuma na fara ganin teku. Ruwa ne da ba shi da ɗaya gaɓar, yana zuwa yana komawa kamar abin da aka ɗaure yana son ya tsinke. Na kau da kai. A nan ne Hajiya ta sayi goro ta taga, jajaye masu sheƙi, ta zaɓi babba ta ɓare.

"Kai! Sankara!"

Na waiwayo da sauri. Ta miƙo mini ɓarin biyu a tafin hannu. Cikin ya zama gari-gari, ruwan ƙasa, ga 'yar farar tsutsa ta naɗe a tsakiya.

"Dubi ɗan banza," in ji Hajiya. "Ubana fataucin goro ya yi, a cikin huhun goro na tashi. Ƙwaro ne, Inna, ɗan mitsitsi mai dogon baki. Tun goro yana gona cikin kwansonsa yake huda shi, ya sa ƙwai, ya yi gaba. Ramin ya toshe, ba ki ganin komai. A ɓare, a wanke, a naɗe da ganye, a ɗinke huhu, kowa yana murna. Shi kuwa ɗan yana ciki yana ci."

Na ce, "Ba shi da magani?"

"In ta shiga ta shiga. Sai dai a tsince masu lafiya, sauran a zubar." Ta cilla shi ta taga ta ɗauko wani.

Kada wata ta ce mini ai da nan sai in gane. Na san sankarar goro tun ba a haife ku ba. Amma goro ba ya ƙin abinci, goro ba ya rasa barci. Abin da na ji a bakin Hajiya labarin Ladi ne daga farko har ƙarshe: waje sheƙi, ciki gari. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce mata ƙura ce.

A Ankara ta Gana muka sauka zango, gidan wata ƙawar Hajiya da ake kira Mma Adiza. Hausarsu ba ta san mace da namiji ba, ni ma ya zo ake ce mini. Ta kawo mana dokunu, wani tuwon masara mai tsami naɗe da ganye, da barkono da kifi. Na ɗan taɓa don kada ta ji haushi. Mutanen kirki ne. Amma abin da na gani a hanyar fita garin shi ya hana ni sukuni. Shaguna ne a bakin titi, jere, ana sayar da akwatin gawa kamar yadda ake sayar da gado a wurinmu. Wani fari, wani mai gilashi, wani an sassaƙa shi kamar kifi. Gaba kaɗan muka tarar da taro, ja da baƙi, ana kiɗa ana rawa. Na ce wa Hajiya biki ake? Ta ce mutuwa aka yi. Ta ce su gawa ma ajiye ta suke a gidan sanyi wata da watanni kafin a binne. A raina ina cewa, in ya riga ni, wa zai wanke shi, wa zai sa shi a likkafani a kai shi ran da ya cika? Ko shi ma a gidan sanyi zan same shi?

Iyakar ƙarshe can ne aka ce ba ni da katin allura. Aka shigar da ni wani ɗaki, wata mai farin kaya ta kama damtsena ta soka ba ko sannu. Ni da ban taɓa yarda da allura ba, ko uffan ban ce ba, don na ga motar tana shirin tashi. Daga nan shinge ne bayan shinge. A tsaida mu, masu bindiga su hau, su bi fuska ɗaya-ɗaya, su sauke wanda suka ga dama. Wani saurayi da ke kusa da mu aka sauke shi, motar ta tashi ba shi, jakarsa tana nan kan kujera har muka iso. Hajiya da bakinta ba ya rufuwa, a wannan hanyar tasbaha take ja.

Muka sauka a Abijan, unguwar Tireshbil, tashar da suke kira ta Basam, rana ta take tsaka. Hayaniya, hayaƙi, warin kifi. Hajiya ta ce yau ko da duka sai na ci abinci. Ta ja ni wata rumfa inda wani mutumin Nijar ke tsaye gaban babban kasko, ta yi masa sallama da Hausa, ta ce a zuba mana biyu. Malama, sa shi da hannunki. Mutumin ya goge hannu ya ce:

"Ayya, Hajiya, kun makara. Garba ya ƙare tun ɗazu."

Ban san na zauna a ƙasa ba. Kunnena ya toshe, rumfar ta juya. Na ji ina salati, na ji Hajiya tana girgiza ni tana cewa a kawo ruwa. Da ƙyar na gane abin da take faɗa. Wai sunan abinci ne. Garin rogo ne da ake turarawa, acheke suke ce masa, a ɗora soyayyen kifi da barkono. Mutanenmu ne suka fara sayar da shi, shi ne 'yan garin suka laƙaba masa sunan. Gari guda, yara da manya, kowa yana kiran sunan da ni ban taɓa kira ba, a sa masa gishiri a cinye.

Hajiya ta dube ni, ta dubi kwalbar da ta turo daga ƙuguna. Dariyar da ta fara ta tsaya mata a wuya. Ba ta tambaye ni komai ba, ta san ɗan fari ne. Ta ce kawai, "Tashi, Inna, mu je a nemo gidan." Ni kuwa na riƙe maganar a matsayin ishara. Me ya sa kalmar farko da garin ya tare ni da ita ta zama wannan?

A cikin tasi muka wuce wata doguwar katanga, mutane cike a ƙofa, wasu da kwanukan abinci, wata mata tana birgima ana riƙe ta. Hajiya ta ce babban asibiti ke nan, duk ciwon da ya gagara nan ake kawo shi. Na bi ƙofar da ido har ta ɓace. Muka hau gada bisa ruwa, muka shiga Ajame.

Ajame kasuwa ce da ta haɗiye gari. Ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka kayan wani ba. Hajiya ta kai ni wurin mai masaukinta, Alhaji Ɗan Tasawa, dattijo ne da ya daɗe a can har haƙoransa suka zube a can, ba Bahaushen da bai sani ba. Ta faɗa masa wanda muke nema, ta ce ga mahaifiyarsa. Na kau da kai kamar yadda ya kamata. Alhaji ya sauke murya.

"Allah sarki. Abin da ya same shi bana, duk mun jajanta. Allah ya sa kaffara ce."

Ya ga fuskata tana bango, ya san ba a zancen ɗan fari gaban uwa, sai ya ja bakinsa. Ladabi ya yi mini. Da ya san abin da ladabin nan ya yi wa cikina, da ya yi mini rashin kunya.

Ya sa aka saka ni a woro-woro, wata tsohuwar tasi da ake cusa mutane kamar buhuna, zuwa unguwar Wiliyamsbil, gidan yaron nan. Gidan tsakar gida ɗaya ne, ƙofofi kewaye, famfo ɗaya, kowace ƙofa da yarenta. Wata doguwar mace ta taso daga wanki, ta dube ni, ta saki zanen da ke hannunta ta durƙusa. Awa ce. Jikokina suka kewaye ni suna Faransanci, ba wanda na ji, ba wanda ya ji ni. Aka shigar da ni ɗaki. Ga rigarsa a rataye. Ga kwanon abincinsa a rufe a gefe, na ɗaga murfin da Awa ta fita kawo ruwa, ko cokali ba a sa ba. Shi babu shi.

Muka zauna, ni da ita. Ta gaishe ni, na amsa. Ta sake gaishe ni, na sake amsawa. Ni ba zan tambaya ba, ita ba za ta fara ba. Mata biyu a ɗaki ɗaya, mutum ɗaya a ransu, ba mai iya kiran sunansa. Can dai na ce, ina duban tabarma, "Maganar da kika yi a waya."

"Eh, Mama." Idonta ya kawo ruwa. "An kai shi Tireshbil. Ana sa masa magani mai ƙarfi. An rufe shi, ba a buɗewa. Sun ce in wannan bai yi ba, shi ke nan. Can yake kwana, ba ya zuwa gida."

Tireshbil. Inda na baro. Katangar nan da matar nan mai birgima.

Na ce, "Kai ni."

"Mama, ki huta tukuna. Wurin akwai wari, maganin guba ne, ba a son mutum ya matsa."

"Kai ni."

Muka sake hawa gadar nan. Rana ta karkata. Na kwance kwalbar na riƙe a hannu. Da na hango katangar asibitin na gyara mayafi, na kama marfin ƙofa. Tasi bai tsaya ba. Ya wuce ƙofar, ya wuce masu kwanuka, ya ci gaba.

"Mun wuce," na ce.

"Ba nan ba, Mama. Gaba."

Ku gaya mini, me ke gaba da asibiti? Wanda asibiti ya gagara riƙewa, ina ake kai shi? Na tuna gidan sanyi na Gana. Ƙafafuna suka yi sanyi tun daga yatsu, sanyin yana hawa. Muka shiga wata hanya ta manyan motoci, jere ba iyaka, ƙarafa masu tsawo suna ɗaga akwatuna sama. Tasi ya tsaya gaban wani dogon ɗaki na kwano, ba taga. Wari ya tare ni tun daga ƙofa, ba na ruɓa ba, wani wari mai kama maƙogwaro. Maza suna tsaye nesa-nesa, wasu sun ɗaure hanci da ƙyalle. Na ji Hausa a bakinsu, amma da suka gan mu suka yi tsit.

A cikin ɗakin, can tsakiya, an shimfiɗa baƙar tamfol, an danne bakinta da buhunan yashi. Ƙarƙashinta abubuwa ne a kwance, dogaye, a jere, kowanne tsawon mutum.

Awa ta nuna da hannu. "Ga shi nan, Mama. Yana ƙarƙashi."

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kuka ji. Ban yi shawara da kaina ba. Wani abu ne da ya shekara arba'in da wani abu a danne a ƙirjina ya tsinke igiya. Na buɗe baki na kira sunan. Malama, ajiye alƙalamin, nan kada ki rubuta, sau ɗaya ya isa. Na kira shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har kwanon ɗakin ya amsa. Na nufi tamfol ɗin, maza biyu suka riƙe ni, ina fizgewa ina ƙara kira.

"Na'am?"

Daga bayana muryar ta fito. Na juya. Wani mutum ne tsaye a gefen babbar mota da buta a hannu, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Fuskar ubansa ce. Butar ta suɓuce masa.

"Yaya? Yaya, ke ce? Wa ya rasu?"

Na dube shi, na dubi tamfol. Na ce, "Wane ne a can?"

"A can? Goro ne, Yaya."

Aka kawo benci aka zaunar da ni. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, Allah ya saka musu. Awa ta tsuguna tana kuka tana cewa ita ta ɗauka na san sana'arsa, ta ɗauka kowa ya sani. Shi kuwa ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa, yana bayani kamar ga benci yake magana. Duk abin da ya tara a zamansa na Abijan ya haɗa ya sayi amfanin wata gonar goro tun yana bisa itace, can daji bayan garin Anyama. Mai gonar tsoho ne, ya bar kwanson da suka faɗo suna ruɓewa a gindin itatuwa, a nan ƙwaron ya yi gida ya hayayyafa, ya bi gonar kaf. Goro ya sauko jajir, ba tabo. Sai da aka kai shi sito a Ajame, mata masu tsinta suka fara ɓarewa, wannan gari, wancan gari. Abin da ake sa ran ya tsira shi aka kawo nan aka rufe da magani kafin a sa shi a jirgin Legas. Shi ne yake kwana a gindinsa.

Ya tashi ya ɗauko wani goro daga kwandon da aka ware, ya ɓare, ya karkaɗa a tafin hannuna. Wani ɗan abu ya faɗo, baƙi-baƙi, da dogon baki kamar tsinken allura. Bai kai ƙwayar dawa ba. Ya yi lamo, sannan ya fara tafiya a kan layin hannuna.

Za ku ce daga nan hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Na dubi goron da ke hannunsa, bayansa sumul yana sheƙi. Na dubi wuyan yaron nan da ya fito daga riga kamar na tsohon zakara. Ladi ma tana dariya tana daka. Tunda na riga na zubar da kunyar a gaban mutane, na ce bari in ƙarasa. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Kai fa?"

"Lafiyata ƙalau, Yaya. Tunani ne kawai."

Ban yarda ba. Na ce a gaya masa, ko da yake yana gabana, yau a gida zai kwana, goro ba ya gudu. Na miƙa wa Awa kwalbar. Ya sha rabi a tsaye a wurin, sauran kuwa Awa ta ajiye ta ce na goron ne in an buɗe.

Da muka koma Wiliyamsbil na karɓi murhu. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar nan da ta kori mai kaki. Matan gidan suka fito suna tambayar me ya mutu. Awa ta kai masa ɗaki. Ni na zauna a bayan labule, inda zan gani ba a gan ni ba. Ya wanke hannu. Ya yanko lomar farko ya daɗe yana dubanta. Ya kai baki. Ya yanko ta biyu. Ladi a ƙarshenta ko kunu ba ya wucewa, ni ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ya sharce kwanon, ya ce wa Awa ko akwai saura. A nan ne ƙafafuna suka dawo da ɗumi.

Goron da aka buɗe, wanda ya tsira bai kai wanda ya mutu ba. Asara ce babba, har na baro bai gama miƙewa ba. Ya koma gonar ya sa aka tattara ruɓaɓɓen kwanson aka ƙone, ya ce zai sake gwadawa baɗi. Na yi kwanaki ina bin matan sito a Ajame, muna zaune a da'ira muna tsinta. Duk wanda na ɓare na ga gari, su suna tsaki, ni ina hamdala a ciki. Abincin nan mai suna ma na ci, ba laifi, sai dai nuna shi nake yi da hannu. Labarin ihun kuwa wani direba ɗan garin nan da ke wurin ne ya rigo ni kawo shi gida. Ban musa ba. Na yi.

Ranar komowa ya rako mu tasha, ni da Hajiya. Ya tsaya a gindin taga, yana duban tayar mota, ni ina duban kujerar gaba, kamar yadda muka saba. Da direba ya tada inji sai ya miƙo mini kwalin ashana. Na buɗe. Ƙwaron ne a ciki, ya bushe, ƙafafu sama.

"Tsarabarki, Yaya," ya ce. "Da na san shi zai sa ki kira ni, da tuni na yi kiwonsa."

Hajiya ta fashe da dariya tana share ido. Ni kuwa na gyara mayafi. Kwalin yana nan cikin adakata, mai son gani ta zo. Sunan kuwa ban ƙara kira ba, ba kuma zan ƙara ba. Amma ya amsa. Na ji da kunnena, na'am ya ce.